Gungumen da Manang Ta Kunna a Longsight

Tun farkon makon nan ruwa yake sauka a Birmingham, irin siririn ruwan nan da ba a jin ƙararsa a kan rufi, sai dai mutum ya ji rigarsa ta yi nauyi. Shekaranjiya da na sauka daga bas a Small Heath, wani ya tara ɗanyen itace a bayan gidansa yana ƙonawa, hayaƙin ya kwanta a kan layi ya ƙi tashi. Na tsaya a bakin shagon nama da ledar cefane a hannu har mai shagon ya leƙo ya tambaye ni ko lafiya. Lafiya lau. Warin ne ya mayar da ni Manchester, shekara goma sha wani abu baya, cikin sanyin shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu.

Mu uku ne a gidan, a wani layi da ke bayan Stockport Road a Longsight. Anti Rifkatu ce ta karɓi hayar, sunanta ne a takarda. 'Yar kudancin Kaduna ce, ta haura hamsin, tana sharar ofisoshi da asuba, kuma ba ta fashin coci. Ni na zo karatun digiri na biyu bayan shekara tara ina karanta labarai a gidan rediyo, don haka ba kasafai take kirana Hajara ba, sai 'Yar Rediyo. Ta ukunmu Perla, 'yar ƙasar Philippines, mai aiki a gidan kula da tsofaffi. Ta ce mu riƙa ce mata Manang, wato Yaya a harshensu. Da Turanci muke magana da ita. In Anti za ta yi gulmarta sai ta juya Hausa, ita kuma ta gane daga saukar murya, ta ce ta ji sunanta ko da ba a ambata ba.

Sanyin ya shigo da wuri a shekarar. An rage wa Anti kwanakin aiki daga biyar zuwa uku. An rage wa Manang awannin aiki. Ɗakin karatun unguwa da nake fakewa a cikinsa saboda ɗuminsa ya koma rufewa tun rana tsaka. Sai Anti ta kafa doka: hita awa ɗaya da safe, awa ɗaya da yamma. Tsakanin waɗannan awanni biyu mutum yana ganin numfashinsa a cikin ɗaki. Manja ya daskare a kwalba, sai an tsoma ta a ruwan zafi. Wanki yakan kwana uku a kan igiyar falo bai bushe ba, bangon bayan gado ya yi baƙi-baƙi. Ba mu taɓa kwana da yunwa ba, amma ban tuna ranar da na tashi daga gaban kwano don na ƙoshi ba. Tukunya ɗaya ake ɗorawa da yamma, abin da ya rage shi ne karin kumallo.

Abin da ya rufa mana asiri itace ne. Da kaka iska ta kayar da wata babbar bishiya a harabar cocin su Anti, mazan cocin suka sassare ta suka kawo mata a mota. Akwai tsohon murhu a falonmu mai mafitar hayaƙi a bango. Anti ba ta tambayi kowa ba, ta share shi ta fara amfani da shi. Itace uku kowace yamma, ba ƙari. A cikin tarin akwai wani gungume guda, kaurinsa ya kai turmi, wanda ta ce ba mai taɓa shi sai watan Fabrairu, in sanyi ya kai inda zai kai.

A gaban murhun nan na fara sanin garin su Manang, kuma ta hanyar miya na shiga. Wata rana ta dawo daga kasuwar Longsight da wani ganye daskararre a leda, ta jefa a tukunya da kuɓewa da kabewa da wani abu mai wari daga kwalba. Da ta zuba mana, Anti ta ɗaga cokali, miyar ta biyo shi. Lalo ne. Washegari ta kawo zogale. Abin kwalbar kuwa kifi ne da aka jiƙa da gishiri ya daɗe, Anti ta shinshina ta ce wannan ai daddawarsu ce, sai dai tamu ta fi ta kunya.

Na yi mamaki ƙwarai, domin a zatona duk wanda ya fito daga tsibiri a cikin kore shar ya tashi, kwakwa a sama, kifi a ƙasa. Manang ta yi dariya ta ce wannan hoton kalanda ne. Lardinsu Ilocos Norte ne, can ƙuryar arewa maso yammacin babban tsibirin ƙasar. Teku a gaba, duwatsu a baya, ƙasar noma siririya a tsakani. Yawancin mutanen Ilokano ne, da harshensu daban da wanda ake yi a babban birnin ƙasar. Rani yakan kai wata shida, ƙasa ta tsage, har tuddan rairayi gare su a bakin teku. In damina ta zo, da guguwa take zuwa. Shinkafa da damina. Da rani kuma tafarnuwa, ƙananan albasa, taba da masara. Ta ce sauran 'yan ƙasar suna yi musu kallon marowata, su kuwa ba rowa ba ce, ƙasar ce ta koya musu kada su zubar da komai. Anti ta ce shi ya sa tun da take da ita ba ta taɓa ganin ta yar da ruwan wankin shinkafa ba.

Mahaifiyar Manang gishiri take dafawa. A wani ƙauye na bakin teku, a rumfa, ana ɗebo ruwan gishiri a zuba a faffaɗan kasko, a yi ta tura ɓuntun shinkafa a wuta har ruwan ya ƙafe ya bar fari tas. Da wannan aikin ta yi wa yara shida makaranta. Duka shidan suna waje.

Ranar da abin ya faru Talata ce, a tsakiyar Janairu. Na dawo daga jami'a wajen la'asar, gari ya fara duhu, ana yayyafi. Tun daga kwanar layi na hango hayaƙi a ƙofar gidanmu. Gidajen layin a manne suke da juna, kowanne da ɗan fili a gaba wanda bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, da gajeriyar katanga da kwandunan shara na roba. A tsakiyar filinmu, a kan daɓen dutse, ga gungumen Anti. An cusa masa kwali da ƙirare a ƙasa, wuta ta kama gefensa tana lasar iska, tsakaninta da kwandon shara bai fi taku ɗaya ba. Babu kowa a wurin.

Ban yi tunani mai tsawo ba. Abu biyu ne suka zo mini: gobara, da kuma itacen Fabrairu yana ɗumama sararin samaniya. Akwai bokiti a ƙarƙashin indararo, ya cika da ruwan sama. Na ɗauka na juye shi gaba ɗaya. Wutar ta yi tsaki ta mutu, tururi ya tashi.

Sai ƙofa ta buɗe. Manang ce, waya a hannu, baƙin ɗankwali a ka, abin da ban taɓa ganinta da shi ba. Ta dubi gungumen, ta dubi bokitin. Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye wayar a kan katanga, ta durƙusa a jiƙaƙƙen daɓe, ta cusa hannu biyu cikin baƙar tokar tana lalube. Garwashi take nema. Ta juya kowane guntun gawayi, ta kai shi kusa da kuncinta, ta ajiye. Ni ina tsaye da bokiti a hannu.

"Innata ce," ta ce, ba tare da ta ɗago ba. "Yau da safe."

A bakin ƙofa ta yi mini bayani, da ƙyar. A wajensu in mutum ya rasu, ana kunna gungume a ƙofar gida. Atong suke ce masa. Shi yake sanar da mai wucewa an yi rashi, kuma tsofaffinsu sun ce hayaƙinsa yana raka mamaci hanya. Daga lokacin da aka kunna shi ba a barinsa ya mutu sai an binne gawa. Na tambaye ta ba a kunna a can gida ba ne. Ta ce wa zai kunna? Gidan a rufe yake. Tsohuwar a asibitin birni ta cika, gawar tana wurin masu shirya jana'iza, inda ba a hura wuta. Ita kuma fasfonta yana wurin sabunta biza wata na uku ke nan, in ta janye shi ta fita ba za ta dawo ba. Ita ce babba. Abin da ya rage mata ta yi wa uwarta ke nan, ni kuma na zuba masa ruwa.

Na ce yaushe ne jana'izar, ina zaton gobe za ta ce. Ta ce bayan kwana tara, in 'yan uwanta sun hallara.

Na karanta labaran mutuwa iri-iri a rediyo muryata ba ta girgiza ba, amma wannan ya tsaya mini. A wajenmu wanda ya rasu da hantsi, kafin la'asar an dawo daga maƙabarta. Ban taɓa kawowa a raina cewa uwa za ta kwana tara tana jiran 'ya'yanta su sauka daga jiragen sama ba.

Anti ta dawo daga taron mata na coci ta tarar da mu haka. Ta yi wa Manang ta'aziyya yadda ya kamata, ta rungume ta. Sannan ta ja ni kicin ta rufe ƙofa ta juya Hausa.

"Gungumena ne wancan?"

Na ce shi ne. Na faɗa mata sauran.

"Kwana tara. A waje. Mu kuma a ciki mu daskare." Ta zauna. "Mu a cocinmu ba ma wannan abin. Wanda ya tafi wurin Ubangiji ba ya bukatar hayaƙi ya nuna masa hanya. Ke fa, Malama, naku ya yarda?"

Na ce bai yarda ba.

"To. Ba ki yarda ba, ban yarda ba, itacen kuma nawa ne. In mai gida ya ji, sunana ne a takarda."

Duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Muka tsaya a tagar falo muna kallo. Manang ta tsugunna a cikin yayyafi tana ƙyasta ashana a jikin jiƙaƙƙen gungume, ɗaya bayan ɗaya. Ta gama kwali guda ta buɗe na biyu. Anti ta daɗe tana kallo. Can ta ce matar nan za ta ƙarar mana da ashana, ta ɗauki gatarinta ɗan ƙarami ta fita.

Ta sassaƙe jiƙaƙƙen gefen har ta kai busasshen ciki. Ta aike ni in kawo bulo huɗu da wani yankin kwanon rufi da ke bayan gida, muka yi wa wutar 'yar rumfa, muka janye kwandunan shara zuwa wajen katanga. Da wutar ta kama, Manang ta miƙa hannu za ta ƙara itace, Anti ta riƙe ta. A nan bambancinsu ya fito. Manang a gaban wutar gishiri ta girma, wuta mai ruri wadda aikinta ta tafasa ruwa. Anti kuwa a ƙauyen da ba a sayen ashana ta tashi, inda ake kwantar da wuta da yamma a tashe ta da safe. Ta bari gefen gungumen ya yi jawur, ta tattaro toka ta lulluɓe garwashin, ta bar wata 'yar ƙofa kamar ta shigar yatsa. Harshen wuta ya ɓace, sai zaren hayaƙi.

Manang ta ce wutar ta mutu.

Anti ta kama hannunta ta ɗora a saman tokar. "Barci take yi. In kika bar ta tana rawa, jibi ba mu da itace. Haka za ta kai ki kwana tara."

Daga ranar aka raba aiki. Anti kafin ta fita da asuba za ta buɗe tokar, ta ba wutar ƙirare biyu, ta matsa gungumen ciki kaɗan, ta sake rufewa. Ni nake dubawa da hantsi da azahar, don haka na daina zama a jami'a bayan lacca. Manang hutun kwana uku kawai aka ba ta, bayan nan ta koma aiki, yamma ce tata. Ban shiga aikin don na yarda hayaƙi yana raka kowa ba, har yau ban yarda ba. Ni na kashe, shi ke nan dalilina.

Murhun falo ya huce, domin duk guntun da aka ƙona a ciki an rage kwanan wutar waje. Muka kwaso katifu muka haɗu a ɗaki ɗaya, kowa da rigar sanyi biyu da safa a hannu. A kwana na huɗu ruwan ya koma ƙanƙara. Ƙafata ta yi ta ƙaiƙayi, yatsun suka kumbura suka yi ja. Alwalar asuba ta zama abin da nake shiryawa tun kafin in tashi daga bargo. Iska takan bugo ruwa ta gefen rumfar, sai mutum ya tsaya da lema a karkace yana kare toka, bayansa yana jiƙewa. Gashinmu, littattafaina, har burodin da ke kicin, komai ya ɗauki warin hayaƙi.

A kwana na biyar Anti ta fito da dankali uku ta tsaya tana kallon tokar. Ta tambaye ni da Hausa ko zai zama rashin kunya. Manang ta ga dankalin ta gane. Na zaci za ta ɓata rai. Sai ta ce in da tsohuwar za ta ga wuta ta kwana biyar ba a ɗora mata komai ba, da ta zage mu tas. Tun ranar rasuwar, a nan ta fara dariya. Muka binne dankalin a gefen tokar. Ban ci abu mai zafi irin wannan ba a duk sanyin shekarar. Muka ci har ɓawon.

Da yamma in na fito taya Manang, takan yi maganar lardin nasu, amma ba irin ta gaban murhu ba. Ta ce amfanin gonarsu na gaskiya ba tafarnuwa ba ne, mutane ne. Tun zamanin kakanninta maza suke hawa jirgin ruwa zuwa gonakin rake na Hawaii, yanzu kuma mata ne suke tafiya jinya da reno a ko'ina. A ƙauyensu za ka ga gidajen siminti masu bene, fenti sabo, tagogi a rufe, tsohuwa ɗaya a ƙasa tana shanya tafarnuwa. Ƙannenta biyu suna Hawaii, ɗaya a Italiya, ɗaya a ƙasashen Larabawa, autansu matuƙin jirgin ruwa ne. Ta ce shekara goma sha ɗaya tana wanke iyayen wasu, tana ba su abinci a baki, tata uwar kuwa maƙwabciya ce ta kai ta asibiti. Ba da kuka ta faɗa ba. Ta faɗa tana gyara toka da tsinke.

A kwana na takwas mai gida ya zo. Wani a layin ya kai ƙara hukumar gari saboda hayaƙi, an rubuto masa. Mutum ne mai magana a hankali, bai taɓa takura mana ba. Ya ce ya ji an yi rashi, ya yi ta'aziyya, amma takardar haya ta hana wuta, gidajen a manne suke, kuma akwai yara a gidan da ke jikin namu. Gaskiyarsa ce. Anti ta ce gobe ne jana'iza, gobe za a kashe. Ya ce to, gobe.

Da yammar ranar aka bugo waya. Jirgin autan bai samu shiga tashar ruwa ba, an ɗaga jana'izar da kwana biyu.

Itacen bayan gida ya ƙare saura ɓawo. Gungumen da ya kai turmi ya dawo kamar kan mutum. Manang ta ce a bari, ta gode, abin da aka yi ya isa, ba za ta jawo wa Anti rasa gida ba. Anti ta ce ba da ita take magana ba, ta tashi ta ciro katakon kantar da muke jera takalma ta fara faskarawa. Kwana biyun nan da katakon kanta da ƙafar wata karyayyar kujera aka yi su, tsinke-tsinke, kamar ana ba marar lafiya kunu.

Agogon ƙasar su Manang yana gaban namu da awa takwas. Autan zai sauka da safiyarsu, a binne da ƙarfe huɗu na yammarsu, wato takwas na safe a wajenmu. Ranar Asabar ce, duk muna gida. Ƙarfe bakwai da 'yan mintuna, gari bai gama wayewa ba, motar mai gida ta tsaya. Ya fito da jan tulun kashe gobara a hannu. Ya ce an sake kiransa, ya ba mu kwana biyu a kan abin da aka yi alkawari, yanzu ko mu kashe ko ya kashe.

Manang tana tsugune a gaban tokar da waya a cinya. Ta fara miƙewa. Anti ta dafa kafaɗarta ta mayar da ita, ta je ta tsaya a bakin 'yar ƙofar katanga, da zanen barci da rigar sanyi da silifas. Ta gaishe shi. Ta tambayi iyali, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi ƙafarsa da ya taɓa cewa tana ciwo. Ya amsa biyu, a ta uku ya gane. Ya ce ta matsa. Ta ce saura minti arba'in. Ya ce ko minti ɗaya ba zai ƙara ba, in ta hana shi shiga filinsa to ta karya sharaɗi da saninta, kuma ba zai sabunta hayar ba, ƙarshen wata mai zuwa mu tashi.

Na matsa kusa da ita na ce da Hausa, "Anti, ki yi tunani. Ina za ki samu gida a wannan sanyin?"

"'Yar Rediyo, ke dai duba mana agogo."

Ta juya gare shi ta ce ta ji, ta yarda, ya rubuto takardar. Amma tunda har ƙarshen wata mai zuwa hayar tata ce, filin ma nata ne, sai ya jira a waje.

Na ɗauka zai ture ta. Ya tsaya yana kallonta kamar bai taɓa ganinta ba, ni ma haka nake kallonta. Sannan ya ajiye tulun a kan katanga, ya koma mota ya zauna, bai tafi ba. Anti ba ta bar bakin ƙofar ba. Ƙanƙara ta fara sauka a kan ɗankwalinta, yatsun ƙafarta a waje. Na kawo mata takalmi ta sa a tsaye.

Takwas ta yi, wayar ba ta yi ƙara ba. Takwas da kwata, shiru. Abin da ya rage a ƙarƙashin tokar bai fi ƙwai ba, Manang ta kewaye shi da tafin hannu tana hura masa a hankali. Takwas da minti ashirin da biyu aka kira. Ta saurara, ta ce kalma biyu ko uku da harshensu, ta ajiye. Ta ce an rufe kabarin. Ta shiga ciki ta fito da kwalbar ruwan tsamin rake na garinsu, wanda ya rage kaɗan a ƙasa, ta tsiyaya a kan garwashin. A can da giyar rake ake kashewa, ta ce, wannan ne mafi kusa. Mai gida ya fito ya ɗauki tulunsa. Ya sake yi mata ta'aziyya kafin ya tafi.

Takardar ta iso ranar Laraba. Manang ta so ta je ta roƙe shi, Anti ta hana, ta ce mutumin bai yi ƙarya ba, ita ma ba ta yi ba. Ƙarshen Fabrairu muka watse. Manang ta samu ɗaki kusa da wurin aikinta. Ni na ƙarasa karatu a ɗakin wata ƙawata, daga baya aiki ya kawo ni Birmingham. Anti ce ta sha wuya. Wata huɗu tana kwana a falon wasu 'yan cocinsu, kayanta a buhuna a garejin wani, kafin ta samu ɗaki ɗaya a saman wani shago, ba murhu, ba fili. Ba ta sake riƙe gida sukutum ba.

Ranar da muke kwashe kaya matan cocinsu uku suka zo taya ta. Labari ya riga ya kai musu. Ina naɗe kwanuka a jarida na ji babbar cikinsu tana yi mata faɗa ƙasa-ƙasa: mace mai hankali, shugabar mata, ta rasa gida a kan al'adar da ba ta cikin Littafi, da itacen coci kuma. Ta tambaye ta ko yanzu ta yarda ke nan hayaƙi yana kai mutum sama.

Anti tana ɗaure bakin buhu, ba ta daina ba.

"Ni ban san inda hayaƙi yake zuwa ba, Mama," ta ce. "Wadda ta tsugunna a gabansa na sani. Riƙe mini nan in ƙulla."